Ƙonni a Cikin Da'irar Mil Ɗari: Masu Tonon Tarihin Gida a Tsofaffin Taswirori

 

Kusan kowane gari a ƙasar Ƙonni da Adar yana da mutum guda da ake tura baƙo wurinsa in ya zo da tambayar tarihi. Wani tsohon mushe ne da ya ajiye alli, wani limami ne da ya gaji gafakar kakansa, wani magatakardan fada, wani kuma saurayi ne da ba ya rabuwa da waya. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba mai biyansu ko dala. Sha'awa ce kawai ta sanin wa ya sari garin, daga ina ya taso, me ya sa aka bar wancan kufai aka dawo nan. A da, jarinsu bai wuce abin da suka ji daga bakin tsofaffi ba. Yanzu an sami ƙari, domin tsofaffin taswirori da littattafan zamanin Nasara, waɗanda sai mai kuɗin jirgi ke iya gani, da yawansu sun hau intanet. Shirin yau zai duba abin da waɗannan takardu suka ƙunsa game da yankin nan, inda ake samun su, da yadda ake karanta su ba tare da sun ɓatar da mutum ba.

[Kiɗa]

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a tsakar gida. A samo taswirar da ta haɗa Nijar da Nijeriya, da allura, da zare. A kafa allurar a kan Sakkwato, a auna zaren daidai da kilomita 160 bisa ma'aunin da ke gindin taswirar, a ɗaura fensir a bakinsa, a zagaya da shi ta arewa. Ƙonni za ta faɗa can ciki, domin tsakaninta da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Malbaza da Galmi da Madawa duk suna ciki. Illela ta Adar na dab da bakin layin. Tawa kuwa tana waje.

Wannan da'ira ita ce iyakar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yuni 1898: a auna mil 100 daga Sakkwato, abin da ke ciki na Ingila, abin da ke waje ta arewa na Faransa. A lokacin ko sojan Ingila ɗaya babu a Sakkwato, sai a watan Maris 1903 suka ci garin. Ke nan an raba gonar tun masu rabon ba su taka ta ba.

Ba a daɗe ba Faransawa suka gane an yi musu wayo. Hanyar da ta rage musu daga kogin Isa zuwa Damagaram sai ta zagaya ta bayan da'irar, ta ƙasar da rijiyoyi suka yi ƙaranci, ayarinsu na shan ƙishirwa. Suka yi ta ƙorafi har aka koma teburi a Landan ranar 8 ga Afrilu 1904. A wannan ciniki Faransa ta saki tsohon gatan da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gabashin Kanada, ita kuma Ingila ta sassauta mata a wurare uku na Afirka ta Yamma, ciki har da wannan iyaka. Takardar ta ambaci Ƙonni da suna, ta ce layin zai ratsa ta kilomita 20 arewa da garin. Illela ta tabbata a hannun Faransa, amma Ƙonni na nan a rabon Ingila. Sai yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ce ta sauko da layin kudu da Ƙonni. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da mutanensu daga 1906 zuwa 1908, suna kafa alamomin iyaka guda 148 tun daga kogi har tafkin Chadi, aka rattaba hannu kan aikinsu a 1910.

Saboda haka wanda ya ga taswirar 1900 ta shafa wa Ƙonni launin Ingila, ta 1910 kuma ta shafa mata na Faransa, kada ya ce ɗaya ta yi kuskure. Kowace ta faɗi abin da ke rubuce a shekararta. Abu na farko da mai bincike ke nema a jikin taswira shi ne shekarar da aka zana ta da sunan wanda ya zana.

A tsakanin waɗannan shekaru ne Ƙonni ta ga ranar da ba ta mantawa. Rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wadda aka tura ta isa tafkin Chadi, ta keto cikin da'irar da aka ce ta Ingila ce. Bayan karonta da Sarauniya a Lugu ranar 16 ga Afrilu 1899, ta iso Birnin Ƙonni ranar 8 ga Mayu, ta fasa garin, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta kwashi wasu. Laftanar-Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe rundunar, sawun ƙonannun garuruwa ya riƙa bi yana rubuta abin da ya gani, har Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. An buga littafin tafiyar Klobb a 1905, Joalland, wanda ya ci gaba da jan rundunar, shi ma ya buga nasa a 1930.

Waɗannan littattafai sun san sunayen hafsoshi, da ranakun tafiya, da inda aka yada zango. Ba su san sunayen waɗanda aka kashe a Ƙonni ba, ko unguwar da aka fara cinna wa wuta, ko gidajen da suka gudu kudu ba su dawo ba. Wannan yana wurin jikoki da tattaɓa-kunne. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun rundunar har Ƙonni, ƙarfinsa duka daga bakin irin waɗannan mutane ya fito. Ɗan gari mai ƙaramin littafi da waya ya fi kowane baƙo damar tattara wannan, domin shi ake buɗe wa zaure, shi ya san tsohuwar da za a tambaya.

[Kiɗa]

Aikin iyakar nan ya bar wata gara ga masu son tarihi. A cikin ayarin Tilho akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya iya Larabci da Hausa. Yayin da sauran ke auna taurari da tsawon hanya, shi zama yake da sarakuna da fadawa da malamai yana rubuta jerin sarauta da labarin yaƙe-yaƙe. An buga abin da ya tara a 1911, cikin juzu'i na biyu na takardun ayarin Tilho, kuma tarihin ƙasashen Hausa na wannan gefe, har da Adar, yana ciki. Mutanen da ya yi hira da su an haife su tun Sakkwato na da cikakken ƙarfinta. Littafin na Faransanci ne, ana kuma samun sa kyauta a intanet.

Kada a ɗauka Bature ne ya fara zana ƙasar nan ko rubuta labarinta. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba baƙonsa Clapperton taswirar ƙasashen da ke kewaye da shi, aka buga ta a Landan a 1826. Shi dai Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo labarin Matankari da Ƙonni cikin karon farko-farko na jihadi a 1804, gabanin yaƙin Tafkin Kwatto. Littattafan Sakkwato sun kuma nuna cewa a ƙasar Ƙonni ne Musa Jakollo, kakan Toronkawa, ya zauna da jama'arsa, kuma a Maratta, nan wajen Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

Ta gefen Illela kuwa, sai a waiwayi Agadas. Tarihin sarakunan Agadas, wanda Yves Urvoy ya fassara ya buga a 1934, shi ke ɗauke da labarin Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674. Da aka tuɓe shi daga sarautar Agadas wajen 1721, sai ya dawo Adar ya zauna, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar da ke Illela. A 1975 cibiyar binciken IRSH ta Yamai ta fitar da littattafai biyu a kan wannan ƙasa. Na Djibo Hamani ya bi tarihin Adar kafin zuwan Nasara ta fuskar sarauta da yaƙi da mulki. Na Nicole Echard ya bi ta fuskar manoma, yadda ƙauyuka da zuriyoyi ke riƙe da labarin ƙaurarsu. Wanda ya karanta su gefe da gefe zai ga ƙasa ɗaya daga ƙofar fada da kuma daga bakin gona.

Masu wannan sha'awa suna da magabata. Boubou Hama malamin lakwal ne kafin ya shugabanci majalisar dokokin Nijar, kuma son tarihi ya sa ya yi ta tara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malamai. Abin da ya tara shi ne tushen ɗakin rubuce-rubucen IRSH, mai ɗauke da dubban littattafai a yau. A Sakkwato, Waziri Junaidu, wanda karatun zaure ya yi, ya zama madogarar ƴan jami'a da kansu, gidan adana tarihin jihar ma sunansa yake ɗauke da shi.

To, ina takardun suke? Na kumandojin Ƙonni da Tawa suna gidan adana takardun ƙasa a Yamai: rahoton rangadi, ƙidayar jama'a da dabbobi, bayanin kowane sarki da kantonsa, da dogon bayanin da kumandan kan rubuta game da ƙasar da yake mulki. Kwafin manyan rahotanni yana Dakar, domin can ne hedikwatar Faransa ta Afirka ta Yamma take. Na ma'aikatar mulkin mallaka suna Aix-en-Provence, na soja suna Vincennes kusa da Paris. Tun da Ƙonni ta yi shekaru a rabon Ingila, tun da kuma mutane ba su daina ƙetare iyaka ba, fayilolin lardin Sakkwato da ke gidan adana takardu na Kaduna su ma abin dubawa ne, haka Gidan Arewa. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai adana tarihin baka, da hukumar taswira ta ƙasa. A intanet kuwa, shafin Gallica na babban ɗakin karatun Faransa ya buɗe tsofaffin taswirori da littattafai ga duk mai waya.

[Kiɗa]

Samun takarda abu ne guda, karanta ta wani abu ne. Tarko na farko shi ne rubutun sunaye. Bafaranshe da kunnensa ya rubuta, da haruffan harshensa: Dogarawa ta koma Doguérawa, Tsarnawa ta koma Tsernaoua, Gidan Idar ya koma Guidan Ider, Badagishiri ta koma Badaguichiri, Majiya ta koma Maggia. Wanda ya nemi garinsu da rubutun Hausa kaɗai zai ce babu shi. Sai ya gwada yadda Bafaranshe zai rubuta, ya kuma gwada yadda Baturen Ingila zai rubuta. Sa'an nan ga sunaye masu kama: akwai Illela ta Sarkin Adar a arewa, akwai Illela ta Nijeriya a ƙofar Ƙonni, ga kuma Alela a yamma. In takarda ta ce Illela, sai a duba wa ya rubuta, daga wace bariki, wace hanya ya biyo.

Tarko na biyu shi ne lissafi. Ƙidayar zamanin Nasara ta lanho ce, wato haraji, da aikin tilas, da ɗaukar soja. Mai gari da ya san haka ba zai fito da kowa ba. In aka ji kumandan na tafe, samari kan shige daji, wani lokaci gida sukutum ya ƙetara ƙasar Ingilishi sai ƙura ta lafa. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Don haka in rahoto ya ce gari kaza mutum tamanin ne, ko ya ce an tarar da shi ba kowa, wannan abin da aka nuna wa mai rahoton ne a ranar.

Tarko na uku ya fi sauran wuyar gani. Jerin sarakunan da ke cikin takardun bariki wani ne ya faɗa, ta bakin tafinta, a gaban Baturen da ke da ikon naɗawa da tuɓewa. Mai faɗar yana da ƴan'uwa masu neman gadon, yana da dalilin tuna wani kaka da mance wani. Takarda kamar shaida ce a gaban alƙali: ana sauraronta da kyau, a tambaye ta inda take tsaye lokacin da abin ya faru, sa'an nan a kira wata shaidar.

A ɗauki misalin wani tsohon mushe a ƙasar Dogarawa da ke son sanin shekarun ƙauyensu. Zai fara da tsofaffi, ba mutum ɗaya ba, kuma ba gida ɗaya ba: gidan sarauta, gidan liman, maƙera, da tsofaffin mata, waɗanda suka fi kowa riƙe wa ya auri wa, daga wane gari. Zai tambayi masu gari nawa aka yi, wane ne ke kan gado lokacin yunwar Kakalaba, wadda ta faɗo a 1913 zuwa 1914, wa kuma ke kai a shekarar El-Buhari, wato 1984. Waɗannan sunayen shekaru su ne turakun da zai ɗaure labarin baka da kalanda. Sai ya nemi ƙauyen a taswirar ayarin Tilho. In babu shi, ba hujja ba ce cewa ba a kafa shi ba, domin ayarin abin da ke kusa da hanyarsa ya fi zanawa. Sai ya dubi taswirar da hukumar taswirar Faransa ta fitar daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950, wadda santimita ɗaya a cikinta ke daidai da kilomita 2 a ƙasa, mai nuna rijiyoyi da fadamu da hanyoyin ƙafa. Daga ƙarshe ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam a waya, ya ɗauki sanda ya tafi kufan da tsofaffi suka ambata. Kasko fasasshe, tsohuwar rijiya da ta cike, kukoki a jere, kashin maƙera, duk suna nuna an taɓa zama a wurin.

Irin wannan gwama tsohuwar taswira da sabuwa na nuna abubuwan da ido ya saba da su har ya daina gani. Malbaza kafin masana'antar siminti ta shekarun 1960 daban take da Malbazar yau. Kwarin Majiya kafin madatsun Mozage da Zango, waɗanda ke ba gonakin noman rani na Ƙonni ruwa, daban yake, haka tafkin Kalmalo da ruwan ke gangarawa cikinsa a ƙetaren iyaka. Burtalin da ya ɓace cikin gonaki, dajin da ya koma fili, kasuwar da ta tashi, sau da yawa suna nan a tsohuwar takarda.

Akwai kuma takardun da ba su taɓa zuwa Yamai ko Paris ba. Suna cikin gafaka, ko adaka, ko ƙarƙashin gado: wasiƙun ajami, takardar naɗin sarauta, rasiɗin lanho, katin tsohon soja, hoton biki. Malamai kan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa ko shekarar fari a gefen littafi, da lissafin Hijira, kuma waya na juya shi zuwa na Miladiyya nan take. Abokan gabansu gara ne da ɗigar ruwa da ɓera. A ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango mai laima, kada a liƙa musu salatif, kada a jiƙa yatsa da yawu wajen buɗe su. A ɗauki hoton kowane shafi a inuwa mai haske, gaba da baya, a rubuta na wane gida ne da ranar da aka ɗauka. Kafin duk wannan a nemi izinin mai abu, a kuma bar masa kayansa a hannunsa. Yawancin gidajen da ke ɓoye takardunsu, wani ne ya taɓa ara bai mayar ba.

Jan kunne na ƙarshe ya shafi gona da sarauta. Tsohuwar taswira ba takardar mallakar fili ba ce, kuma layin da fensirin kumandan ya ja a kan ma'aunin da santimita ɗaya ke cin kilomita 2 ba zai raba gonar wani da ta wani ba. Rikicin fili yana da hukumomin filaye da sarakuna da kotu. Haka batun asali: takardun nan na ambaton wanda aka kama a yaƙi da wanda aka sayar, jikokinsu kuwa maƙwabta ne a yau, surukai ne. Abin da zai tozarta wani gida ba na karantawa a dandali ba ne, ba kuma na watsawa a WhatsApp ba.

Ga masu son farawa, aikin wannan mako ba ya buƙatar kuɗin mota. A je wurin wanda ya fi kowa shekaru a unguwa, namiji ko mace, a gaishe shi yadda ya kamata, a nemi izinin naɗar muryarsa. A tambaye shi sunayen rijiyoyin garin da wanda ya gina kowace, sunayen kufan da ke kewaye, da garin da kakanninsa suka baro. A rubuta sunansa da ranar hirar, a ajiye kwafi a waya biyu. Malaman lakwal na iya ba ɗalibai wannan aiki lokacin hutu, kowane yaro da unguwarsu.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.